Idan kotun ƙoli ta ce jiya ta yi kuskure, wa zai ɗauki asarar?

Duk wanda ya zauna gaban malami a Maraɗi ya karanci babin rabon gado ya san mas'alar da ake kira Mushtaraka, wadda wasu ke kira Himariyya. Mace ce ta rasu ta bar miji, da uwa, da ƴan'uwa biyu da suka haɗa uwa kaɗai da ita, da kuma shaƙiƙai biyu maza. A ce abin da ta bari jika ɗari shida ne. Miji zai ɗauki rabi, jika ɗari uku, uwa ta ɗauki sudusi, jika ɗari, ƴan'uwan na wajen uwa su ɗauki sulusi, jika ɗari biyu. Dukiya ta ƙare ke nan, shaƙiƙai kuwa, waɗanda rabonsu shi ne abin da ya rage, sun tashi hannu rabbana. Haka Sayyidina Umar ya hukunta da farko. Da irin wannan shari'a ta sake zuwa gabansa, sai shaƙiƙan suka ce masa a ɗauka ubansu jaki ne, shin ba uwarsu ɗaya da waɗancan ba? Sai ya haɗa su duka cikin sulusin, wato a lissafinmu kowa ya tashi da jika hamsin. Da aka tuna masa cewa a baya ba haka ya yi ba, ya amsa da cewa wancan yana nan bisa abin da aka hukunta, wannan kuma yana bisa abin da ake hukuntawa yanzu. Malikiyya da Shafi'iyya suka bi hukunci na biyu, Hanafiyya da Hambaliyya suka zauna a kan na farko.

Abu biyu ya yi a lokaci ɗaya, kuma dukansu suna da nauyi. Ya bar ra'ayinsa na da a bainar jama'a, bai yi kamar bai taɓa faɗarsa ba, sannan bai aika a kira magadan shari'ar farko a kwance rabon da aka riga aka yi ba. Daga irin wannan ne malaman fiƙihu suka fitar da ƙa'idar cewa ijtihadi ba ya warware ijtihadi. Kotunan ƙoli na zamani, daga Yamai zuwa Abuja zuwa Faris, har yau da wannan mas'ala suke fama, ko da yake da wasu kalmomi suke furta ta.

Kafin a yi nisa sai an raba abu biyu da ake yawan cakuɗawa a hirar majalisa. Na farko shi ne a nemi kotu ta sake buɗe shari'ar da ta riga ta yanke tsakanin mutum biyu. Wannan ne shugaban Nijar na lokacin, Tandja Mamadou, ya nema a watan Yunin 2009, bayan da kotun tsarin mulki ƙarƙashin Salifou Fatimata Bazèye ta soke, a ranar 12 ga wata, dokar kiran zaɓen raba gardama na tazarce. Kotun ta ƙi janyewa, shi kuma ya rusa ta a ranar 29 ga watan. Irinsa ne kuma aka nema a Najeriya a 2020, lokacin da aka koma wa kotun ƙoli da roƙon ta sake duba hukuncin da ya ba Hope Uzodinma kujerar gwamnan Imo, ta ƙi, alƙali guda, Chima Centus Nweze, ya saɓa wa sauran. A nan magana zarar bunu ce, kuma dole shari'a ta sami ranar ƙarewa. Abu na biyu, wanda shi ne batunmu, shi ne wata sabuwar shari'a ta zo tsakanin wasu mutane dabam, tambayar doka iri ɗaya ce da ta baya, sai kotu ta duba amsar da ta bayar shekaru goma ko hamsin da suka wuce ta ce wannan amsa ba za ta ƙara zama madogara ba.

A takarda, tsarin da Nijar ta gada daga Faransa bai ɗaure alƙali da hukuncin wani alƙali ba. Sashe na 5 na kundin dokokin Faransa na 1804 ma hana alƙalai ya yi su kafa ƙa'ida ta gaba ɗaya a cikin hukuncinsu, domin masu juyin juya hali sun sha wuyar manyan kotunan zamanin sarauta da ke mayar da kansu masu yin doka. Amma a aikace kowane alƙali na ƙasa ya san cewa in ya saɓa wa fassarar kotun ƙoli za a karya hukuncinsa, kowane lauya kuma da wannan fassarar yake ba mutum shawara. Ɗan kasuwar Maraɗi da ke shigo da kaya ta Kwatano, ya karɓi bashin banki, ya jinginar da takardar gidansa, wataƙila bai taɓa jin sunan kotun OHADA da ke Abijan ba, alhali ita ce ke da maganar ƙarshe a kan dokokin kasuwanci na bai ɗaya a ƙasashe 17, ciki har da Nijar, tun bayan yarjejeniyar 1993. Idan wannan kotu ta sauya fassararta game da yadda ake bin bashi ko yadda ake kama dukiyar mai bashi, takardun da aka rubuta bisa tsohuwar fahimta a Maraɗi da Duwala da Dakar duk za su girgiza a rana ɗaya. Shi ya sa zaman hukunci daram yake da daraja ko da hukuncin bai kai maƙura wajen kyau ba. Alƙalin Amurka Louis Brandeis ya rubuta a 1932 cewa a mafi yawan al'amura, a daidaita ƙa'ida ta zauna ya fi muhimmanci a kan a ce lallai an daidaita ta daidai, kuma duk wanda ya taɓa sa kuɗinsa a ciniki mai tsawo zai gane abin da yake nufi.

Ingila ta gwada kai wannan ra'ayi maƙura. A 1898 majalisar iyayen ƙasa, wadda a lokacin ita ce kotunsu ta ƙoli, ta yanke cewa hukuncinta na baya yana ɗaure ta ita kanta, in akwai kuskure sai majalisar dokoki ta gyara. Shekara 68 aka yi a haka, kuma abin da ya haifar shi ne alƙalai suka ƙware wajen kewaye, suna ƙirƙiro bambanci tsakanin sabuwar shari'a da tsohuwa a inda babu bambanci, don su guje wa hukuncin da ba su so ba tare da sun furta cewa sun bar shi ba. A 1966 suka fitar da sanarwa cewa daga yau za su iya barin hukuncinsu na baya in sun ga ya dace, sai dai za su riƙa tuna haɗarin taɓa kwangiloli da rabon dukiya da tsarin haraji da aka riga aka gina a kansa, da kuma buƙatar tabbaci a dokar laifuka. Wannan jeri da suka yi, a ganina, shi ne zuciyar maganar, domin ya ɗauke ido daga kan alƙali da abin da yake ganin daidai, ya mayar da shi kan mutanen da ke waje da abin da suka riga suka aikata.

Ba wanda zai ce kotu ta dawwama a kan kuskure har abada. A 1896 kotun ƙolin Amurka, a shari'ar Plessy, ta halatta raba baƙaƙe da farare a jirgin ƙasa muddin dai an ce kowa an ba shi gwargwadon na ɗan'uwansa, alƙali guda ne kawai, John Marshall Harlan, ya saɓa. Sai a 1954, bayan shekara 58, alƙalai tara baki ɗaya suka ce raba makarantu bisa launin fata ya saɓa wa tsarin mulki. A tsawon waɗannan shekaru jihohi sun gina makarantu da dokoki a kan tsohon hukuncin, wato su ma sun dogara da shi, amma dogaron mai danniya da izinin danniyarsa ba abin da kotu za ta kare ba ne. Saboda haka ba kowane dogaro ne yake da haƙƙi ba, dole a tambaya wa ya dogara, kuma a kan wuyan wa aka ɗora ginin.

Sai dai gano kuskure shi kaɗai bai isa hujja ba, kuma a nan ne na rabu da masu cewa da zarar alƙali ya tabbata na gabansa sun ɓata, wajibi ne ya gyara. Shari'ar da ke isa kotun ƙoli galibi ita ce wadda masana suka rabu a kanta, kowane ɓangare da hujjarsa mai ƙarfi, don haka kowane sabon ayarin alƙalai zai tarar da hukunce-hukunce da dama waɗanda da shi ne a kan kujera da ba haka ya yanke ba. In wannan ya isa dalili, to ba sauran madogara, sai dai a riƙa ƙirga kawunan alƙalai. Malaman Malikiyya sun taƙaita ƙofar warware hukuncin alƙali ga inda ya ci karo da nassi bayyananne, ko ijma'i, ko ƙa'idodin shari'a, ko ƙiyasi bayyananne, suka bar sauran saɓanin fahimta a inda yake. Kotun zamani ma tana buƙatar irin wannan ƙunci: ko dai kuskuren ya fito fili yadda ba mai iya kare shi da gaske, ko an gwada ƙa'idar shekaru an ga ba ta aikatuwa, kotunan ƙasa kowace na fassara ta yadda ta ga dama, ko kuma abin da aka gina ta a kai na ilimi ko na zaman jama'a ya gushe.

A duba abin da ya faru da wani likita a Faransa, domin ya nuna inda zafin yake sauka. A tsakiyar shekarun 1970 ya karɓi haihuwar wata mata wadda ɗanta ya zo ta ƙafa, bai gaya mata wani haɗari da ba kasafai yake aukuwa ba, yaron ya fito da shanyayyen hannu. A wancan lokaci fassarar kotun ƙoli ita ce likita bai yi laifi ba in bai ambaci haɗarin da ba safai ake gani ba. A 1998 kotun ta sauya, ta ce dole a ambata muddin haɗarin mai tsanani ne. Yaron ya girma ya kai ƙara, kuma a 2001 kotun ta auna likitan da sabon ma'auni, tana cewa ba wanda yake da haƙƙin fassarar doka ta daskare domin amfaninsa. Ta fuskar yaron wannan adalci ne, ta fuskar likitan kuwa an kama shi da saɓa ƙa'idar da ba a haifa ba sai bayan shekara ashirin da wani abu. Majalisar dokoki in ta yi sabuwar doka gaba take fuskanta, amma sabuwar fassarar kotu baya take komawa, saboda ana riya cewa ma'anar doka tun asali ke nan, yanzu ne kawai aka gano. Wannan riyawa ta dami masana Faransa har ta kai a ƙarshen 2006 babban zaman kotun ya ƙi aiki da wata sabuwar fassara a kan mai ƙarar da ya shigar da ƙararsa kafin a sauya, domin yin haka zai rufe masa ƙofar kotu gaba ɗaya. Da doguwar hanya suka iso kusa da inda Sayyidina Umar ya tsaya.

A wajenmu inda wannan zai fi ciwo shi ne gona. Tun dokar tsarin shari'a ta 1962, alƙali a Nijar yana aiki da al'adar masu shari'a a kan gado da aure da gonakin da ba su da rajista, tare da masu ba shi shawara kan al'ada da ke zaune a gefensa. Al'ada kuwa ba rubutacciya ba ce, saboda haka abin da kotun ƙoli ta ce ita ce al'ada shi ne yake zama rubutaccen. A ɗauki misalin gonar aro a wajen Tibiri ko Madarunfa. Kaka ya ara wa baƙo jigawa, baƙon yana kawo damen hatsi guda duk kaka don a san gonar da mai ita, daga baya aka yi zumunci har aka bar kawo damen, dattawan da suka shaida suka rasu, yau jikoki ne ke gaban alƙali, ɗaya yana cewa gonar kakansa ce, ɗayan yana cewa shekara arba'in gidansu ke noma ta, su suka zuba mata taki, su suka raya gawon da ke cikinta. A ɗauka kotun ƙoli ta daɗe tana cewa aro ba ya zama mallaka komai daɗewarsa. Bisa wannan ne masu gona da yawa ba su damu su je hukumar filaye da dokar karkara ta 1993 ta tanada su rubuta aron ba, suna ganin doka na bayansu. In kotu ta wayi gari ta ce dogon riƙo yana ba da mallaka, ba gona ɗaya ta yanke wa hukunci ba, dubban gonaki ne a jihar da ƙasar noma ta riga ta yi wa jama'a kaɗan, kuma rigimar da za ta biyo baya ba a gidan shari'a za a yi ta ba. Da a ce akasin haka kotun ta daɗe tana faɗa, haɗarin sauyawa ɗaya ne, sai dai masu kuka su bambanta. A irin wannan fage, ko da alƙalai sun gamsu tsohuwar fassara ba ita ce mafi kyau ba, ya fi dacewa su faɗi damuwarsu a cikin hukunci su bar wa masu yin doka gyaran, domin su ne ke iya sa wa'adi, su ce kowa ya rubuta aronsa cikin shekara kaza, abin da kotu ba ta da ikon yi.

Dokar laifuka dabam take, kuma a nan amsar Umar ba ta wadatar. Wanda aka raba wa gado da tsohuwar fahimta ya ci ya wuce, amma wanda aka ɗaure da ita yana nan a kurkuku yau. A 2016 kotun ƙolin Birtaniya, a shari'ar Jogee, ta amsa cewa kimanin shekara talatin ana kuskure wajen kama mutum da laifin kisan da abokin tafiyarsa ya yi, don kawai ya hango yiwuwar hakan, ba tare da an tabbatar yana da niyyar taimakawa ba. Duk da haka ta ce waɗanda aka riga aka ɗaure ba za a buɗe musu shari'a ba sai sun nuna an yi musu babban zalunci. Na fahimci tsoron ambaliyar ƙararraki, amma yana da wuya a gaya wa mutum cewa ƙa'idar da ta kai shi ɗaurin rai da rai kuskure ce, sannan a ce ya ci gaba da zama. Inda sauyin zai sassauta wa wanda ake tuhuma, babu wani dogaro na halal da za a ce an taɓa, don haka ya kamata ƙofa ta fi faɗi, kuma amfanin ya kai ga na ciki.

Saura tsarin mulki, inda gardama ta fi zafi. Hujjar da Amurkawa ke kawowa ita ce kundinsu yana da wuyar gyara, sau 27 kawai aka yi masa gyara tun kafuwarsa, don haka in kotu ta yi kuskure a fassararsa ba mai iya gyarawa sai ita. Hujja ce mai ƙarfi a can, amma ba ta shiga nan yadda take, domin mu kundin ne yake saurin sauyawa, na 25 ga Nuwamba 2010 shi ne na jamhuriya ta bakwai, kuma abin da muke ƙishirwa shi ne fassarar da za ta zauna ko da mai mulki ya sauya. Maƙwabciyarmu Benin ta ba da misali a 2018. A watan Janairu kotun tsarin mulki ƙarƙashin Théodore Holo ta ce dokar da ta haramta yajin aiki ga wasu ma'aikata, har da na shari'a da na lafiya, ta saɓa wa kundi. A watan Yuni aka rantsar da sabon ayari ƙarƙashin Joseph Djogbénou, wanda kafin nan shi ne ministan shari'a, kuma kafin watan ya ƙare kotun ta juya ta ce haramcin ya halatta. Kundi bai sauya ba, halin ƙasa bai sauya ba, masu zama a kujeru ne kawai suka sauya, kuma jama'a ba sa buƙatar karatun lauya kafin su gane haka.

Ba gaggawar ce aibin ba. A 1940 kotun ƙolin Amurka, da rinjayen takwas da ɗaya, ta yarda a tilasta wa ƴan makaranta mabiya Shaidun Jehobah su sara wa tuta, shekara uku kacal bayan haka ta warware da rinjayen shida da uku. Gaskiya ne an sami sababbin alƙalai biyu, amma uku daga cikin waɗanda suka yi hukuncin farko su ma sun fito sun ce sun yi kuskure, bayan da aka ga yadda aka riƙa korar yara daga makaranta ana far wa iyayensu. Akwai abin da duniya ta nuna wa kotun a tsakanin hukuncin biyu. Da wannan ma'auni ya kamata a duba hukuncin da wannan kotu ta Amurka ta yanke a 2022 da ya soke na 1973 kan zubar da ciki. Mutane da yawa a nan za su ce sakamakon ya yi musu daidai, kuma masu rinjaye a kotun sun kawo hujjarsu cewa kundin bai ambaci wannan haƙƙi ba tun farko. Amma masu saɓawa sun yi tambayar da ba a amsa ta da sauƙi, cewa me ya sauya tun 1992 da kotun ta sake tabbatar da tushen hukuncin, in ban da naɗin sababbin alƙalai uku tsakanin 2017 da 2020? Wanda ya yi murna da hanyar don yau ta kai shi inda yake so ya sani gobe wani ayari zai bi ta zuwa wani wurin.

Abin da ya fi damuna game da namu tsarin shi ne sauyin da ake yi shiru. Salon hukuncin da muka gada gajere ne, ba ya ambaton hukunce-hukuncen baya, ba ya nuna ko wani alƙali ya saɓa, don haka kotu na iya barin turbar shekara ashirin cikin layi uku ba tare da ta ce ta bari ba, sai lauya mai lura ya gano bayan ya faɗi shari'a. Faransa kanta ta soma gyara wannan a shekarun baya-bayan nan, inda kotunta ta ƙoli kan ambaci tsohon hukunci da dalilin barinsa idan za ta sauya. A Najeriya, tun 1985 da lauya Gani Fawehinmi ya fara buga rahoton hukunce-hukunce na mako-mako, lauyan Katsina yana iya ɗauko littafi ya nuna wa alƙali shafi. Mu kuwa ga ƙarancin bugawa, ga kuma sauyin kotunan kansu, domin kundin 2010 ya raba aikin tsohuwar kotun ƙoli ga kotuna dabam-dabam, bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 kuma aka dakatar da shi aka kafa wata kotu da ta haɗa wasu daga cikin ayyukan. Sabon suna a ƙofar kotu bai kamata ya zama an share allo ba, abin da na baya suka hukunta kan bashi da gona da gado ya ci gaba da zama madogara har sai an bar shi da hujja. Ranar da za a bar shi kuma, hukuncin ya ambaci tsohon da kwanan watansa, ya faɗi abin da ya sauya, ya faɗi ko sabuwar fassara za ta hau kan waɗanda suka riga suka ƙulla al'amuransu, sannan a buga shi inda za a same shi, yadda lauya a Maraɗi zai iya zaunar da jikan mai gonar nan, wanda ta bakin tafinta yake jin shari'arsa, ya gaya masa da Hausa ko ya ɗaukaka ƙara zuwa Yamai ko ya riƙe kuɗin motarsa ya koma wurin mai gari a nemi sulhu.